Darasi na Tara: Harsashin da Ya Dace da Aladen Daji

Yau karatunmu zai kai mu Amurka, wajen manoman jihar Teksas. Babban abokin gābarsu shi ne aladen daji, mai kama da gyadon dajinmu. Turawan Sifaniya ne suka fara kai aladu can, cikinsu har da Hernando de Soto da ya sauka Fulorida a 1539. Wasu suka tsere suka zama na daji. Yanzu ana ƙiyasta sun kai miliyan 6 a ƙasar. Mace tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Garke guda kan shiga gonar masara da dare, gari ya waye manomi ya tarar an tone ta kamar an sa garma. Shi ya sa tun 2019 Teksas ta yarda a harbe su a gonar mutum ba tare da lasin farauta ba, muddin mai gonar ya amince.

Maharba da yawa a can ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe, su suke ɗura nasu a gida, don dokarsu ta ba su dama. A kula: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi da kansa. Mu namu karatu ne da fahimta.

Harsashi kashi huɗu ne: kwanso, ɗan ƙyastun da ke gindinsa, albarushi, sai ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga. A kan ƙwayar nan za mu tsaya, domin ita kaɗai ke isa jikin dabba.

Tsohon namijin alade yana da abin da maharba ke kira garkuwa. Wani tauri ne mai kama da guringuntsi da ke rufe kafaɗunsa, yana kāre shi daga hauren 'yan'uwansa idan suna faɗa. Kaurinsa kan kai santimita 5. A samansa ga gashi mai kauri, ga busasshen taɓo da ya yi birgima a ciki. Zuciya da huhu kuma suna can ƙasa, sun matsa gaba, a bayan wannan garkuwa da ƙashin kafaɗa. Duk ƙwayar da ba ta ratsa wannan ba, rauni kawai ta yi.

Akwai ƙwaya mai siririyar riga, wato ƙarfen da aka lulluɓe ta da shi, da aka yi don ƙananan dabbobi. Da ta taɓa jiki sai ta tarwatse. A kan alade, ciwo mai faɗi take bari a fata, dabbar ta gudu cikin ƙaya ta kwana biyu tana wahala kafin ta mutu. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Ko dabbar da ke cinye maka gona, ba ka da hurumin azabtar da ita. Akwai kuma irin ta soja, wadda aka lulluɓe da ƙarfe gaba ɗaya. Ita wucewa take yi kamar allura, ba ta buɗewa, ga haɗarin ta sami wani abu a baya.

Wadda ake so ita ce mai buɗe baki kamar laima amma jikinta ya zauna a dunƙule, ta yi ta nitsawa. Ga yadda aka samo irinta. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya je farauta Kanada, ya harbi wata ƙatuwar dabba dangin barewa da taɓo ya daskare mata a kafaɗa. Harsashinsa ya kasa shiga yadda ya kamata. Da ya koma gida sai ya ƙera ƙwaya mai ɗaki biyu na dalma, da bango a tsakani. Ɗakin gaba ya buɗe, na baya ya ci gaba da tura kai. A 1948 ya fara sayar da ita da sunan Partition, har yau ana amfani da ita. Wata dabarar ita ce liƙe dalma da rigarta don kada su rabu. Kamfanin Barnes kuwa ya yi suna da ƙwayar jan ƙarfe zalla, marar dalma. A Kalifoniya tun 2019 an hana farauta da dalma, don haka irin wannan maharban can ke nema.

Nauyin ƙwaya da giren ake aunawa. Giren 7,000 ne laba ɗaya. A bindiga .308 Winchester, maharban alade sun fi ɗaukar giren 150 zuwa 180, wato giram 10 zuwa 12 a ƙiyasi. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka ƙwayarsa ta fi tsawo, kuma tana bukatar gudu sosai kafin ta buɗe. Shi ya sa mai amfani da ita kan zaɓi marar nauyi kaɗan.

Mai ɗuri na kirki ba ya yin awon albarushi da ka. Littafin awon ɗuri yake buɗewa, irin na kamfanin Hornady ko Lyman, ya fara daga awo mafi ƙanƙanta. Ƙwayoyi biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta wajen matsin da suke haifarwa, kuma kuskure a nan yana fasa bindiga a fuskar mai ita.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: kwanso, albarushi, dalma, garkuwa.
2. Me ya sa ƙwaya mai siririyar riga ba ta dace da aladen daji ba?
3. Ƙwaya mai giren 175 guda nawa za su cika laba ɗaya?