Kurakuran da mu matan ikkilisiya muka fi yi wajen ci da kula da jiki, da yadda za mu gyara

A gidaje da yawa a garin Jos, daga Tudun Wada zuwa Angwan Rukuba har Bukuru, wadda ta girka abinci ita ce ta ƙarshe wajen ci. Ta zuba wa maigida, ta zuba wa yara, ta ajiye na baƙon da ba a san ko zai zo ba, sannan ta kankare ƙanzo a tsaye a bakin murhu. Nama ya tafi kwanon Baba, ƙwai ya tafi na auta. Muna kiran wannan sadaukarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai macen da take jinin al'ada kowane wata, ko take ɗauke da ciki, ko take shayarwa, ta fi kowa a gidan buƙatar abincin da ke gina jini. Idan shekara da shekaru ƙanzo ne rabonta, sai jiri da kasala da bugun zuciya su zo, ta ce ai gajiya ce. Sau da yawa ƙarancin jini ne.

Gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa. Mama, ki zuba naki lokacin da kike zuba na kowa, ki zauna ki ci. Wake, hanta, kifi, zogale da alayyahu duk suna taimaka wa jini, kuma jiki ya fi amfana da su idan aka haɗa da lemun zaƙi ko gwaba ko ɗanyen tumatir. Shayi kuwa, wanda sanyin Jos ya sa ba ma rabuwa da shi, yana rage abin da jiki ke ɗauka na sinadarin ƙarfe idan aka sha shi tare da abinci. Ki ba shi tazarar kamar awa ɗaya. Malt da madarar gwangwani da ake kai wa maijego a ce zai ƙara mata jini, abin da ya fi yawa a cikinsa sukari ne. Kuɗinsa ya fi amfani a hanta da ganye. Mai ciki kuma kada ta jefa ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta wajen awo a ƙarƙashin katifa don suna tayar mata da zuciya. Ta koma ta faɗa, akwai yadda za a gyara mata lokacin shan.

Yanzu ga wanda ya fi nauyi, wanda kuma mutane ba sa son a taɓa: azumi da magani.

Azumi abu ne mai kyau, Ubangijinmu da kansa ya yi. Ikkilisiyoyi da yawa sukan buɗe shekara da azumin kwana 21 a watan Janairu, wasu kuma suna kiyaye kwana 40 kafin Ista. Kuskuren shi ne mace mai ciwon sukari ta sha ƙwayarta ko ta yi allurar insulin da safe, sannan ta wuni ba ci har ƙarfe shida na yamma. Maganin yana nan yana aikinsa na sauke sukari, abinci kuma bai shiga ba. Karkarwa, gumi mai sanyi, gani dishi-dishi, rikicewar magana: idan waɗannan suka zo, ba harin Shaiɗan ba ne da za a daure a ci nasara a kansa. Sukari ne ya faɗi, kuma yana iya kai mutum ga suma. A karya azumin nan take da wani abu mai zaƙi, a bi da abinci. Wata kuma sai ta bi ta ɗaya hanyar, ta ajiye maganin gaba ɗaya har azumi ya wuce. Wannan ma haɗari ne.

Mai ciwon sukari, mai ciki, mai shayarwa, mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda su ga likita kafin ranar farawa, kada su bari sai an kwana biyar ciki. Su kuma gaya wa fasto ko shugabar zumunta ba tare da jin kunya ba. Daniyel da abokansa kayan lambu da ruwa suka ci, ba su zauna da yunwa ba. Ishaya sura 58 kuma ta ɗaura azumin da Allah yake so a kan ciyar da mayunwaci da tufatar da matalauci. Wadda jikinta ba zai ɗauki wuni ba ci ba tana da ƙofofi da yawa a buɗe.

Akwai kuma wadda za ta fito gaban jama'a ta ba da shaida cewa an yi mata addu'a, hawan jini ya tafi, ta zubar da magani. A tafa, a yi waƙa. Ni kam gabana faɗuwa yake a irin wannan lokaci, domin hawan jini yawanci ba ya ciwo. Mace tana iya jin garau alhali awonta ya yi sama, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Allah yana warkarwa, ban musa ba. To, a je a auna, a sake aunawa, likita ya gani da idonsa, shi ya rage maganin ko ya tsayar. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus ma haka ya kira shi. Sa'ad da sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, Allah ya yi alkawarin warkar da shi, amma annabi Ishaya bai fasa cewa a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun ba. Ban ga inda addu'a da magani suka yi faɗa a Littafi Mai Tsarki ba.

Buɗe baki ma da nasa kuskuren. Cikin da ya wuni babu komai sai a tare shi da lemon kwalba mai sanyi da soyayyar doya da malmalar tuwo biyu. Ruwa tukuna, sai ɗan ayaba ko kankana, sai abu mai ɗumi kamar gwate ko kunu. Kuma kada a sha ibuprofen ko diclofenac don ciwon kan azumi a kan cikin da ba komai, suna ƙwaƙule ciki.

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai gram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Mu kuwa sai mu ce mun rage gishiri, alhali mun marmasa magi huɗu a tukunya, ga garin ɗanɗano na leda, ga kanwa a wake. Kaso mai yawa na dunƙulen magi gishiri ne, kanwa ma sinadarin da ke tayar da hawan jini a gishiri yana cikinta. A rage a hankali, a ƙara daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi. Maigida zai yi ƙorafi a farko, amma harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai an zuba kanwa ba.

Bari in ɗan taɓa taronmu na Zumuntar Mata. Kowane suna, kowace godiya, kowace ziyara, abin da ake rabawa ɗaya ne: lemon kwalba, cincin da fanke. Kwalba mai rabin lita tana iya ɗaukar sukari kusan gram 50, kimanin abin da aka ce kada babba ya wuce a wuni guda. Rabin waɗanda ke zaune a kan bencin kuwa iyaye ne da kakanni masu shan magani. Zoɓo mai ɗan sukari kaɗan, gyaɗa, ayaba da yankakkiyar kankana ba za su zubar da mutuncin mai gida ba. Sai dai a samu mace ɗaya mai ƙarfin hali ta fara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Jos muke. Motoci suna lodin kabeji da karas da tumatir da koren wake a Farin Gada suna kai wa wasu jihohi, mu kuma muna ciyar da yara taliyar leda dare da rana. Abin da ake so shi ne aƙalla gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. A sauƙaƙe, rabin kwanonki ya zama ganye da kayan lambu. A wanke su sosai da ruwa mai tsabta, musamman waɗanda za a ci ɗanye, kuma kada a dafa ganye har ya mutu. Acha abincin kakanninmu ne mai kyau, amma ba maganin ciwon sukari ba ce kamar yadda ake yaɗawa. Hatsi ce, ita ma da awo ake cinta. Dankalin turawan da ya yi kore ko ya tsiro da yawa yana da guba, a zubar.

Ƙwayoyin sha-ka-yi-ƙiba da man bilicin da shayin rage tumbi ba za su ɗauki dogon bayani ba. Wasu ƙwayoyin ƙibar irin su dexamethasone ne, kumburi suke sawa, su tayar da sukari da hawan jini. Wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. A bar su. Hunturun Jos man kaɗanya yake so da shan ruwa, ko da sanyi ya hana jin ƙishi.

Sai hutu. Litinin kwamiti, Talata zumunta, Laraba addu'a, Juma'a addu'ar dare, Asabar girkin biki, Lahadi sujada tun asuba. A Markus sura 6, da jama'a suka yi yawa har almajirai suka rasa zarafin cin abinci, Yesu ne ya ce su koma gefe su ɗan huta. Iliya kuma da ya gaji har ya roƙi mutuwa, barci ya yi, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ci abinci, kafin a yi maganar tafiya. Ki zaɓi hidimar da za ki iya riƙewa, sauran ki ce wa Maman zumunta, cikin ladabi, wannan karon ba za ki samu dama ba. Maijegon da baƙin ciki da kuka suka ƙi sakinta makonni bayan haihuwa kuwa, ba rashin bangaskiya ke damunta ba. Ciwo ne da ake magani, a yi mata addu'a a kuma raka ta asibiti.

Kuskure na ƙarshe shi ne jiran ciwo kafin a je awo. Daga shekara 30 mace ta nemi gwajin bakin mahaifa. Ƙullutu a nono, ko ba ya zafi, kada a kwana da shi ana shafa mai. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, a watan Oktoban 2023, iyaye su tambaya a asibitin unguwa. Hawan jini kuwa zumunta da kanta za ta iya ɗaukar nauyinsa: a cire daga kuɗin gudummawa a sayi na'urar awo guda ɗaya, a nemi ma'aikaciyar jinya cikin 'yan'uwa, ta riƙa aunawa bayan sujada sau ɗaya a wata, a rubuta wa kowa nata a ɗan littafi. Wadda aka samu awonta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana ya nuna haka, a sa wata 'yar'uwa ta raka ta asibiti cikin makon.