Kyanwa da kabad ɗin kicin: kurakuran da aka fi yi wajen hana ta shiga

Kyanwar da ta koyi buɗe kabad ba ta mantawa. Farce take sa wa a ƙasan ƙofar ta maƙalo ta ja, ko ta yi ta bugun ta har ta ɗan buɗe ta cusa hannu. Abu uku ke kai ta ciki: ƙamshin abinci, motsin ɓera ko kyankyaso, da neman wuri mai duhu da za ta ɓuya. Yawancin dabarun da ake yi a gida ba sa taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duka, ko tsawa, ko watsa mata ruwa. Kyanwa ba ta danganta hukuncin da kabad, da mutumin take danganta shi. Sai ta daina shiga idan ana gani, ta koma yi da asuba ko bayan kowa ya kwanta. In kuma da safe aka tarar da ɓarnar aka doke ta, ba ta ma san laifin da ta yi ba. Abin da ke aiki shi ne ta gwada ƙofar ta ƙi buɗuwa, yau da gobe, har ta haƙura. Amma fa kullum. Idan aka kulle kwana biyar aka manta ran na shida, ta dace da busasshen kifi, an koma gidan jiya, domin dace ɗaya ya ishe ta ci gaba da gwadawa. Don haka a sanar da kowa a gidan, har yara da mai aiki.

Sai zaɓen abin kullewa. Ƙaramin maganaɗisun da kafinta ke sa wa a ƙofar kabad aikinsa kawai ya hana ta lilo. Babbar kyanwa na iya rinjayarsa. Ɗaure hannayen ƙofa biyu da robar ɗaure kuɗi ko zare ya fi muni: robar na miƙewa, ƙofar ta buɗe kaɗan ta matse mata hannu, kuma kyanwa na haɗiye roba da zare, su toshe mata hanji har sai an yi tiyata. Ga ƙofa, ƙaramar sakata ta wadatar, ko makullin roba irin wanda ake sayarwa don hana jarirai buɗe kabad. A sa shi a gefen da ƙofar ke buɗewa, kusa da hannu, ba gefen da take juyawa ba. Ga durowa, irin mai ɗamara da ke kamawa daga fuskar durowar zuwa gefen kabad shi ya fi sauƙi.

Makulli mai gam a bayansa yakan faɗi cikin 'yan kwanaki, a ce ba shi da kyau, alhali maiƙon girki ne a jikin katakon. A wanke wurin da ruwan sabulu, a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai, a manna a danne sosai, sannan a ba shi awa 24 kafin a fara ja. In na ɗaurewa da sukuru ne, a auna kaurin katakon tukuna. Ƙofofin MDF, wato allon da ake yi da garin katako da aka matse da gam, galibi milimita 16 zuwa 18 ne, saboda haka sukuru mai milimita 12 zuwa 15 ya isa. Wanda ya fi haka zai iya ɓullowa ta fuska. A fara huda ƙaramin rami kada katakon ya tsage. A kuma duba ko ƙofar na rufuwa daidai. Katako na kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, ƙofa ta karkace ta bar kafa a ƙasa, kuma wannan kafar ce kyanwar take kamawa. Ɗaure sukurorin da suka kwance kan gyara shi.

Wasu sukan kulle gaba su manta baya. A kabad da yawa babu katanga tsakanin ɓangaren ƙasa da bayan durowoyi, sai kyanwa ta shiga ta ƙasa ta hau ta kwanta a bayan durowa, wani ya zo ya tura da ƙarfi. A cire durowa ɗaya a haska da tocila, a kuma duba ramin da bututun ruwa ya ratsa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. A toshe da fallen katako ko ragar waya. Ta nan ɓera ma ke shigowa, kuma muddin yana ciki, kyanwa ba za ta bar bakin kabad ɗin ba.

Kuskuren da ke kisa shi ne sa abu mai wari don ya kore ta. Kafur guba ne ga kyanwa. Dettol da Izal ma haka, domin hantarta ba ta iya sarrafa sinadaran da ke cikinsu, tana kuma lashe duk abin da ta taka. Barkono na ƙona mata ido da hanci ba tare da ya koya mata komai ba. Ɓawon lemo ba ta son warinsa, amma da ya bushe shi ke nan. Maganin ɓera kuwa bai kamata ya zauna a gidan da ke da kyanwa ba, don ko ɓeran da ya ci shi ta cinye, zai iya taɓa ta. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, na lalata mata jini, don haka ragowar miya ma ba abin barin ta ta samu ba ne.

Kifin banda, kilishi, man shanu da madarar gari kada a bar su a leda; farce ɗaya ya yage ta, ƙamshi kuma dama yana fita. A zuba a roba ko kwalba mai murfin murɗawa, a goge inda mai ya zube a cikin kabad. Abincinta a ba ta sau biyu ko uku a rana, a lokaci ɗaya kullum, a wajen kicin.

In kabad ɗin da take nacewa babu abinci a ciki, maɓoya take nema. A ajiye mata kwali da tsumma mai laushi a wuri mai ɗan tudu, nesa da hayaniyar yara. Mace mai ciki ta fi yin haka: cikin kyanwa kusan kwana 63 zuwa 65 ne, kuma a makon ƙarshe take neman inda za ta haihu, sai a shirya kwalin da wuri. Wadda kuwa ta fara satar abinci kwatsam, tana ci tana ramewa, a kai ta wurin likitan dabbobi a duba tsutsar ciki ko ciwon suga.