Sabon Zuwa Amurka: Kafin Ka Taɓa Bindiga, Duba Takardar da Ke Aljihunka

Jama'armu a Amurka, daga unguwar Buronkis ta birnin Niyok har garin Girinsboro na jihar Karolina ta Arewa, an san su da neman halal: tasi, kanti, gadi, aikin asibiti. Ba a cika jin sunanmu a kotu ba, kuma muna so abin ya ɗore haka. Amma sabon zuwa zai shiga kanti ya ga bindigogi jere a gilashi, sai ya ce ai nan ƙasar kowa na da 'yanci. Sannu, malam. Kantin zai buɗe maka ƙofa, amma takardar zamanka ce ke yanke hukunci.

Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, dokar tarayya ta ba shi damar saye. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, haramun ne ya riƙe bindiga ko harsashi ko da ƙwaya ɗaya, kuma tun 2022 hukuncin na iya kaiwa shekara 15. Mai bizar karatu, ta ziyara ko ta aiki ta wucin gadi shi ma an hana shi, sai idan yana da lasisin farauta mai rai daga wata jiha, ko ya faɗa cikin wasu 'yan keɓe-keɓe da ba su shafi yawancinmu ba. Wanda ya shigar da neman mafaka kada ya ɗauka katin izinin aiki ya wanke shi. Ya ga lauyan shige da fice tukuna.

A lura, dokar ba ta tsaya ga saye ba, riƙewa ma laifi ne ga wanda aka hana. Abokai su ja ka filin koyon harbi ranar Asabar, ka yi hayar bindiga na awa ɗaya, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook: ka riƙe ke nan. Shari'ar Rehaif da Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 daga nan ta samo asali. Ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da jami'arsa a Fulorida ta kora, bizarsa ta mutu, ya je filin harbi, aka gurfanar da shi. Kotun ta ce dole gwamnati ta nuna ya san matsayin zamansa ya lalace, amma wa yake son sai ya kai Kotun Ƙoli kafin ya numfasa?

Sayen kansa ba wuya. Dillali mai lasisin tarayya zai karɓi katin shaida mai adireshinka na yanzu, ya ba ka fom mai lamba 4473, ya tura sunanka hukumar binciken laifuka ta tarayya, wato FBI. Amsa uku ce: a ba shi, a dakata, ko an ƙi. Ƙaramar bindiga sai mai shekara 21, doguwa 18.

Fom ɗin nan ne ramin. Akwai gurbin ƙasar da kake ɗan ta, da na lambar da ke jikin girin kad ɗinka. Wasu don gaggawa, ko don ganin sun daɗe, sai su rubuta Amurka. Ƙarya a fom ɗin na iya jawo ɗaurin shekara 10, kuma iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya yana iya rufe maka ƙofar takardu har abada. Akwai tambaya kan tabar wiwi: ko jiharka ta halatta, a wurin tarayya haramun ce, mai shanta ba ya mallakar bindiga. Akwai ta dukan iyali: wanda kotu ta taɓa samu da laifin dukan matarsa, ko da ƙaramin hukunci aka yi masa, an hana shi. Sai tambayar ko kai ne ainihin mai sayen. A nan kunya ke cutar mutanenmu. Ɗan gari ya ce, "Yaya, ni takarduna ba su fito ba, ga kuɗin, ka saya mini." Ka ce a'a ko da zai yi fushi. Saye da sunanka don wanda doka ta hana na iya kai ka shekara 15.

Abin da da yawa ba su sani ba: girin kad ba sulke ba ne. Duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba, idan kotu ta same shi da laifin bindiga, ana iya tasa ƙeyarsa gida bayan ya gama zaman gidan yari, ko da 'ya'yansa a nan aka haife su.

Sannan kowace jiha da nata. Tekzas tun 2021 ba a buƙatar lasisi don ɗaukar ƙaramar bindiga. Birnin Niyok kuwa sai ka nemi lasisi wurin 'yan sanda tun kafin saye, kuɗin nema dala 340 ban da na ɗaukar zanen yatsu, ka jira watanni. Mai son yawo da ita sai ya yi awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi, kuma duk da haka ba ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ita. Niyok ba ta amincewa da lasisin wata jiha. Wanda ya taso daga Jojiya da bindigarsa cike a mota, aka tsayar da shi a Buronkis, tuhumar da za a yi masa mafi ƙarancin hukuncinta shekara uku da rabi ne. Masu tuƙa Uber su sani kamfanin ya hana ɗaukarta lokacin aiki.

A gida, akwatin ƙarfe mai makulli, bindiga babu harsashi, harsashi a wani wuri daban. Ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce a gidan da yara da baƙi ke shiga kowane ɗaki.

Masu tunanin cusa ta cikin mota ko kwantena zuwa Najeriya ko Nijar saboda 'yan bindigar daji, mun san zafin abin. Amma fitar da makami ba tare da izinin gwamnatin Amurka ba babban laifi ne a nan, can ma ɗan'uwan da zai je karɓar kayan a tashar jirgin ruwa shi kwastan za su fara kamawa.