Yadda ake bin sawun kalmar da ta bayyana a harsuna da yawa

Sau da yawa mutum kan ji kalmar Hausa a bakin Ba'indiye ko ɗan Japan, nan take ya yanke hukunci cewa daga wurinmu suka ara. Yawanci ba haka ba ne. Ga yadda ake tantancewa, da misalin kalmar "gari".

Mataki na 1: Fara daga gida. Kafin ka leƙa wani harshe, ka tabbata kalma ɗaya ce a Hausar kanta. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne a boko, amma a baki wasalin farko na garin tuwo dogo ne, na garin zama gajere. Kalmomi biyu ke nan. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka sai ka duba ƙamus mai nuna su, irin na Bargery na 1934.

Mataki na 2: Tattara ma'anoni, kada ka haɗa su tukuna. A Suwahili gari mota ce ko keken ɗaukar kaya. A Amharik na Habasha keken doki ne. A Hindi da Urdu abin hawa ne. A Japan yankakkiyar citta ce da ake jiƙawa a ruwan tsami, a ci da sushi, abincinsu na shinkafa da kifi. A kudancin Najeriya da Gana da Benin kuwa garin rogo ne, wanda muke kira garin kwaki.

Mataki na 3: Nemi hanyar da kalmar ta bi. Nan aikin yake. Kalma ba ta tashi sama da kanta, sai dai 'yan kasuwa ko malamai ko sojoji su ɗauke ta. Tsakanin Indiya da gaɓar gabashin Afirka hanyar a buɗe take: ɗaruruwan shekaru jiragen ruwa suna kai da komo a Tekun Indiya, sannan daga 1896 zuwa 1901 Turawan Ingila suka kwaso dubban leburori daga Indiya don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa Tafkin Victoria. Ma'anar ma ta dace, abin hawa can, abin hawa nan. Saboda haka kalmar "gari" ta Suwahili aro ce daga Indiya, haka ma ta Habasha.

Na rogo ya fi ban sha'awa. Rogon kansa baƙo ne, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Brazil a ƙarni na 16. Sunan kuma ana danganta shi da garinmu na tuwo, kuma hankali ya ɗauka, tunda fatake Hausawa sun daɗe suna fatauci a ƙasar Yarabawa, suna kuma zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, neman goro. Amfanin gonar daga ƙetaren teku, sunan daga arewa.

Na Japan fa? Babu hanya, babu alaƙar ma'ana. Japanawa na cewa daga ƙarar taunawa ya samo asali. Kama da wane ba ta wane.

Mataki na 4: Duba ko kalmar ta zo da 'yan rakiya. Aro ba ya cika zuwa shi kaɗai. Suwahili ya karɓi chapati (wani irin burodi) da laki (dubu ɗari) da bima (inshora) daga Indiyawa, kamar yadda alƙali da alƙalami da allura suka shigo Hausa daga Larabci, kowacce da "al" ɗinta a goshi. In kalma ɗaya tilo ka samu tsakanin harsuna biyu, ka yi shakka.

Mataki na 5: Ba wa dace haƙƙinsa. Harsunan duniya sun kai kimanin 7,000, sautukan da bakin ɗan Adam ke furtawa kuwa ƙalilan ne. Kalma mai gaɓa biyu dole ta yi karo da wata a wani wuri. Har ma'ana kan zo ɗaya ba tare da dangantaka ba: "bad" na nufin mummuna a Turanci da Farisanci, amma masana sun bi tsoffin siffofinsu sun tarar kowacce tushenta daban. Kalmomin jarirai kuwa ka ajiye su gefe gaba ɗaya, domin leɓen yaro ne ke ƙirƙirar su a ko'ina. "Mama" uwa ce a wurinmu, kawu ne a Hindi, a harshen Jojiya kuma uba ake nufi.