Babi na 7: Sayen Ƙaramar Mota Daidai da Aljihu

In ka cire gida da gona, mota ce abu mafi tsada da yawancinmu za su taɓa saye. Wani kuɗin sallamarsa daga aiki ne, wani amfanin gonar shekara biyu ne, wata kuma adashinta ne da ta daɗe tana zubi. Irin wannan kuɗi ba a miƙa shi don jin daɗin bakin dillali. Yanzu da kake iya karatu da lissafi, akwai abubuwan da za ka duba da idonka a jikin mota da takardunta kafin ka biya ko sisi. Su ne darasinmu na yau.

Me ya sa ƙarama?

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da farashin gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Tun daga nan manyan motoci suka fara kwana a lulluɓe a ƙofar gidaje a unguwannin Gombe irin su Pantami da Tudun Wada da Jekadafari, masu saye kuma suka koma tambayar ƙanana.

Ƙaramar mota ita ce mai inji lita 1.0 zuwa 1.5, mai silinda uku ko huɗu. Daga cikinsu akwai Toyota Yaris, Honda Jazz, Nissan Micra, Kia Picanto, Hyundai i10, Suzuki Alto da Peugeot 206.

Ga lissafi. Daga Gombe zuwa Bauchi wajen kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300 ke nan. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan wajen lita 7 a kowace kilomita 100. Babba mai silinda shida tana iya shan lita 12. Mu ƙaddara lita naira 1,000 ce, don sauƙin lissafi.

Ƙarama: 7 × 3 = lita 21, wato naira 21,000.
Babba: 12 × 3 = lita 36, wato naira 36,000.

Tafiya ɗaya ta bar maka naira 15,000 a aljihu.

Amma ka tambayi kanka aikin da za ta yi maka. Ƙaramar mota cikinta kusa yake da ƙasa. In gidanka yana unguwar da zaizayar ƙasa ta cinye layuka, ko kana shiga ƙauye da damina, za ta riƙa bugun ƙasa, salansa da tukunyar baƙin mai su sha wahala. Nauyin da take ɗauka kuma wajen kilo 400 ne, har da direba da fasinja. Manya biyar sun kusa cinye wannan. Wanda zai riƙa ɗora buhunan masara daga kasuwar Kumo ya nemi wata motar daban, domin wannan ba za ta yi masa shekara ba shokazobanta su zube.

Sabuwa, Beljiyam, ko ta hannu

Sabuwa dal tana zuwa da garanti, ba wanda ya taɓa kwance mata ƙusa. Suzuki da Kia da Hyundai duk suna sayar da ƙananansu sababbi a Najeriya. Sai dai tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Garantin ma yana da sharaɗi: a garejin da kamfani ya amince da shi za a riƙa yi mata sabis. Ka tambayi inda garejin yake kafin ka sa hannu, don kada canjin baƙin mai ya riƙa kai ka Abuja ko Kano.

Beljiyam, ko tokumbo, ita ce wadda aka hau a Turai ko Amurka aka kawo nan. Ta hannu ita ce wadda aka riga aka hau a hanyoyinmu. Mutane suna raina ta hannu, amma ni a ganina motar da ka san mai ita, ka san bakaniken da ke gyara masa, ta fi Beljiyam da ba ka san abin da ya same ta a can ba. Wata haɗari ta yi aka daddaga, wata ambaliya ce ta shanye ta.

Kowace ka zaɓa, ka fara da kasuwar kayan gyara kafin wurin 'yan mota. Ka shiga shaguna uku ka tambayi kuɗin famfon mai, da shokazoba, da fitilar gaba na motar da kake so. In kowa ya ce sai an aiko daga Legas, ka canza shawara. Motar da ta yi araha fiye da 'yan'uwanta, sau da yawa rashin kayan gyara ne ya karya mata farashi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoton waya ba ya nuna hayaƙi, ba ya nuna tsatsa. Kada ka tura kafin alƙalami kan motar da ba ka taɓa da hannunka ba.

Ranar dubawa

Ku karanta wannan hira, mutum biyu su tashi su yi ta a gaban aji.

Dillali: Alhaji, wannan ba ta da matsala ko ɗaya. Daga gida sai ofis ake hawanta. Akwai ma wanda zai zo da kuɗi bayan la'asar.

Mai saye: To madalla. In rabonsa ce, Allah ya sa ya more ta. Ni dai sai bakanikena ya gan ta gobe da safe. Don Allah kada a tayar da ita kafin mu zo.

Dillali: Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?

Mai saye: Na yarda da kai, Malam. Amma kai ma gani ka yi an kawo ta, ba ka shiga cikin injin ba.

Ka lura da abu biyu. Bakaniken naka ne, kai za ka biya shi kuɗin wahalarsa, ba wanda dillali ya kira ba. Sannan da safe za a je, inji yana sanyi, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye ƙara da wuyar tashi.

Kafin a tayar, ka murɗa makulli rabi ka kalli allon gaban direba. Fitilun gargaɗi za su kama, har da mai siffar inji da ta jakar iska. In an tayar za su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa tana nuna matsala. Wadda ba ta kama ba sam ta fi tsoratarwa, domin wataƙila an cire ƙwanta ne don a rufe laifi.

Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne, alama ce ruwa yana haɗuwa da mai, bakanike ya bincika gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Sai ka koma baya ka kalli salansa, wani ya taka totur. Hayaƙi shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur yana yawa. Fari mai kauri da ya ƙi tsayawa bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto ne ke shiga inda bai kamata ba.

Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sunsuna. Warin danshi, da busasshen taɓo a lungu, da tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, duk alamun motar da ruwa ya ci ne. Irin wannan wayoyinta ba sa daina ba da wahala. A jikin bodi kuma ka zo da ɗan maganaɗisu a nannaɗe cikin ƙyalle, ka bi ƙofofi da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da foti an shafe da fenti.

Sannan a hau ta. Zagayen layi bai isa ba. Ku fita hanyar Bauchi ta wajen Tumfure, a kunna na'urar sanyaya ciki, a yi gudu, a taka birki, ido yana kan allurar zafi. Giyar hannu ta fi sauƙin gyara a garuruwanmu. In otomatik kake so, ka saurara ko tana fizga ko jinkiri wajen canza giya, ka kuma tambayi irin man da giyarta ke sha. Honda Jazz da yawa suna da giyar da ake kira CVT, wadda ke da nata mai na musamman, zuba mata wani yana kashe ta.

Ka duba ko an juya sitiyari. Tun 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya, saboda haka sitiyarinmu a hagu yake. Motar da aka ƙera don Ingila ko Japan nata a dama yake, wasu sukan yanke su mayar da shi hagu. Aikin ya taɓa birki da sitiyari, wato ya taɓa rai. Ka bar ta komai arharta.

Lambobi uku da za ka karanta da kanka

Ta farko lambar shasi. Haruffa da lambobi ne guda 17, babu I, babu O, babu Q a cikinsu. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Ka kwafe ta a littafinka ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da wadda ke kan kowace takarda. Harafi ɗaya ya saɓa, ciniki ya tsaya. A motocin da aka ƙera don Amurka, na goma a jerin yana faɗin shekarar mota. Lamba 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009. A na nufin 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. In an ce maka 'yar 2012 ce, ka ƙirga da yatsa ka tarar da 8, to 'yar 2008 ce aka sake wa fitilu da bamba.

Ta biyu shekarun taya. A gefen taya ka nemi haruffan DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa taya ba ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta yana da kyau. Zafin kwalta a watan Maris da Afrilu ba ya raga wa tsohuwar taya. In tayoyin sun tsufa, ka sa a rage kuɗin sababbi huɗu daga farashi.

Ta uku mitar tafiya. Motar Amurka da mil take ƙirge, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka 100,000 a mita kilomita 160,000 ke nan. Ana kuma mayar da mita baya. In ta nuna tafiya kaɗan alhali robar fedar birki ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, ka gaskata fedar.

Takardu

Beljiyam sai da takardar kwastan. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da ba a biya mata kuɗin fito ba ana iya ƙwace ta a hanya, ko da hannu uku ta bi kafin ta zo gare ka. Ka kai takardar ofishin kwastan a tantance.

Ta hannu kuma ka nemi takardar mallaka, da lasin mota, da takardar lafiyar mota daga VIO, wato jami'an duba motoci. Sunan da ke kansu ya zama na mai sayarwa, ka gwada da katin shaidarsa. In ya ce ta ɗan'uwansa ce, ɗan'uwan ya zo. Ka je ofishin 'yan sanda a duba ko an taɓa kai rahoton satarta. Bayan ciniki kada ka yi nauyin jiki wajen zuwa ofishin lasin a mayar da ita sunanka.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce mai biyan wanda ka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida naira 15,000 ne a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wanda ya ce zai yi maka ita a ƙarƙashin bishiya kan dubu biyu, takardar banza zai ba ka.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a farashi. Shawarata ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma don takardu, da sabis na farko, da batir ko taya. La'adar dillali ma a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya.

Rubuta ciniki

Wasu suna jin nauyin rubutu tsakaninsu da aboki ko suruki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu wajen ciniki, don haka babu abin kunya a ciki. Ka biya ta banki, zuwa asusu mai sunan mai motar. Ga samfurin takarda:

Ni, ________, mazaunin ________, na sayar wa ________ motata ƙirar ________, mai launi ________, mai lambar shasi ________, mai lambar rajista ________, a kan naira ________. Na karɓi kuɗina cif. Ba ta sata ba ce, babu bashin kowa a kanta.
Sa hannun mai sayarwa ________ Sa hannun mai saye ________
Shaida na 1 ________ Shaida na 2 ________ Kwanan wata ________

Aiki

1. Taya mai lamba 4521, a wane mako da wace shekara aka yi ta?
2. Mota tana shan lita 6 a kilomita 100. Lita nawa za ta sha a kilomita 250? Ku tambayi farashin lita a gidan mai mafi kusa, ku fitar da kuɗin.
3. Ku kwafe takardar ciniki a littafinku, ku cike ta da sunayen 'yan ajinku.
4. Ku nemi izinin wani mai mota a unguwarku, ku kwafo lambar shasinta da lambobin tayoyinta huɗu. Za mu karanta su tare a darasi na gaba.