Kurakuran da sababbin masu tara sulallan Japan ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin mutum ya ɗaga yen 100 mai lamba 42 yana murna wai ya samu kuɗin 1942. Japan da shekarun sarautar sarki take ƙirga shekara. Kowane zamanin sarauta da sunansa: wannan Showa 42 ce, wato 1967. Don samun shekarar boko, a Meiji (明治) ka ƙara 1867, Taisho (大正) 1911, Showa (昭和) 1925, Heisei (平成) 1988, Reiwa (令和) 2018. Shekarar farko kuma 元 ake rubutawa, ba 一 (ɗaya) ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne karanta tsofaffin sulalla ta hagu. Na kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu daga dama ake karanta su, kamar allo. 十二 sha biyu ne, 二十 ashirin ne, da ka juya hanya sai ɗaya ya koma ɗayan. Haka na taɓa zuba kuɗi mai tsoka a kan yen ɗaya ta azurfa mai hoton dodo, ina zaton Meiji 12 ce ta 1879 wadda ba a buga da yawa ba. Ashe Meiji 20 ce, ta 1887! Mai kayan bai yi mini ƙarya ba, shiru kawai ya yi. Tun daga nan nakan ɗora farce a kan sunan zamanin, in bi harafi-harafi har in kai 年 (shekara), domin nan ne ƙarshe. Kai da ke garaje, minti ɗaya zai rage ka da me?

Sannan ku riƙa shafa gefen yen 10, don Allah. Waɗanda aka buga daga 1951 zuwa 1958 gefensu na da tsaga-tsaga, mutanen Japan na ce musu giza-ju, kuma ta Showa 33 ta fi wuyar samu. Yen 5 mai huda ta 1949 zuwa 1958 rubutunta kamar na alƙalamin gashi ne, da tsohon harafin 國 (ƙasa), waɗanda aka buga bayan nan kuwa 国.

Shekarar 1989 suna biyu gare ta, Showa 64 da Heisei 元, domin Sarki Hirohito, mai zamanin Showa, ya rasu ranar 7 ga Janairu. Wanda ya kawo maka yen 50 ko 100 ta Showa 64, mayar masa, ba a buga su ba. Kuma kada ka kuskura ka goge tsohuwar azurfa da toka ko lemun tsami, darajarta kake kankarewa.