Yadda 'Yar Gaid Za Ta Samu Zuwa Aikin Sa-kai a Ƙasar Waje

'Yan matan rukuninmu na gaid (ƙungiyar horar da 'yan mata irin ta sikawut) kullum tambayarsu ɗaya ce: "Anti, mu ma za mu iya zuwa?" Ƙwarai kuwa, amma shiri ake yi tun da wuri.

Ƙungiyar 'yan gaid ta duniya, WAGGGS, tana da cibiyoyi biyar: Our Chalet a Suwizalan, Pax Lodge a Landan, Nuestra Cabaña a Meziko, Sangam a garin Pune na Indiya, sai Kusafiri tamu ta Afirka. Masu aikin sa-kai a can sai sun cika shekara 18, kuma takardar amincewa daga kwamishinar harkokin waje ta ƙungiyarku ta ƙasa take fitowa. Saboda haka ki sabunta rajistarki, a san fuskarki a taruka, musamman bikin 22 ga Fabrairu, ranar da 'yan gaid na duniya suke tunawa da juna.

Ki riƙa rubuta duk aikin da kika yi a littafi guda: yara nawa kika koyar, wane sansani kika kula da shi. Ranar cike fom za ki gode wa kanki.

Fasfo kuwa, ki yi shi yau. Wata ɗalibata an zaɓe ta, nata bai fito ba sai bayan an tafi. Na ga hawayenta a bakin ƙofata, har yanzu abin yana min ciwo. Ki haɗa da katin rigakafin cutar shawara.

Kada ki bar iyaye su ji labari a ƙarshe. Ni da kaina nake zuwa gida, in zauna da baban yarinya, in nuna masa inda za ta kwana da wadda za ta tarbe ta a filin jirgi.